Littafin Zanen da Aka Shafe wa Fuskoki

A zangona na ƙarshe a jami'a, a Madina, zamana ko tafiyata duk sun rataya a kan darasi guda. Ƙa'idar kulliyarmu ita ce duk mai son a bar shi ya zarce zuwa majistir, wato digiri na biyu, sai sakamakonsa ya kai matsayin da ake kira jayyid jiddan. Nawa kuwa ya zo bakin ƙofa ya tsaya yana cire takalmi. In na sami jayyid jiddan a darasin Addinai, na shige. In na sami ƙasa da haka, sai in ɗaure littattafaina a kwali in nufi filin jirgi. Ga shi tun a watan Rajab na rubuta wa mahaifina cewa kada a sa ran ganina nan kusa, domin an ga hazaƙata ana son riƙe ni. Na kuma san an karanta wasiƙar a zaure, a gaban mutanen da ba sa mantuwa.

Malamin darasin wani Balarabe ne dogo, wanda ba mu taɓa kiransa da komai ba sai Duktur. A Turai ya yi digirinsa na uku, ya dawo da tarin da ba ya jin magani, da kuma wata ɗabi'a da ta tayar wa ɗalibai hankali: idan aka ba shi bahasi, wato rubutun binciken ɗalibi, karantawa yake yi. Wasu malaman sukan ɗaga takardun su ji nauyinsu, su duba ko an fara da yabon Allah an ƙare da jerin littattafai, su sa maki. Shi har ƙananan bayanan ƙasan shafi yake bi da jan biro.

Ranar rabon batutuwa ya ce mana, "Shekara nawa kuna rubutu a kan mutanen da ba ku taɓa jin muryarsu ba. Wannan ya kwafo daga wancan, wancan ya kwafo daga wani da ya rasu tun kafin a ƙera keke. Bana kowa zai je ya ga abin da mutanen suka faɗa a kan kansu. Kuma duk abin da za ka rubuta, ya zama ka gan shi da idonka."

Da ya zo kaina sai ya ce, "Kai ɗan Najeriya ne. An ce kun iya Ingilishi."

Na ce ana dai faɗa.

Ya ce akwai wani littafi a maktaba, wato laburarenmu, shi da kansa ya zo da shi daga Turai ya ba su kyauta. Wani Bayahude ne ya zana rayuwar gidan kakanninsa, irin labarin nan na zane gida-gida, da maganar kowa a cikin ɗan balan-balan da ke fitowa daga bakinsa. Aikina in rubuta yadda suke nuna al'adunsu na cikin gida a zane, musamman sutura: wa ke sa wace hula, yaushe, wace mace ke rufe gashi, yaya gemun manya yake.

Aji ya yi dariya, wani daga baya ya ce an ba ni littafin yara. Na ɓata fuska don mutunci, amma a raina na yi hamdala. An haɗa wasu da littattafai masu mujalladi goma sha biyu, ni an haɗa ni da hotuna.

Littafin ba ya kan kantar da kowa ke ɗauka. Yana cikin ɗakin da ake killace littattafan da ake tsoron su ruɗa ɗalibi, kuma ba a shiga sai da takarda mai sa hannun mutum uku. Na farko ya sa hannu bai ko duba ba. Na biyu ya tafi umara. Na uku ya ce ba zai sa ba sai na biyu ya sa. Da takardar ta kammala, abin da aka ba ni safiya uku ne, daga buɗewa zuwa kiran azahar. Ba a fita da littafi, ba a ɗaukar hotonsa a inji.

Mai riƙe da makullin ɗakin wani dattijo ne, Bahaushen Madina. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana tsintar auduga, ya iso ya ƙi komawa. Shi a unguwar Ƙurban ta Madina aka haife shi, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma yana da ra'ayi a kan komai nata. Larabawa suna ce masa Ammu, wato baffa, mu muna ce masa Baba. Hausarsa rabi ta kakansa ce, rabi ta kasuwar Madina.

"Waraƙa," in ji shi, wato takarda, ya miƙo hannu. Ya karanta takardar har ƙasa, ya dube ni ta saman tabarau. "Ya waladi, ɗana, duk ilmin da ke cikin ginin nan, abin da ka zo nema ke nan?"

"Aiko ni aka yi, Baba."

"Kowa haka yake cewa."

Ya ɗauko littafin da yatsu biyu ya ajiye mini a kan tebur, ya koma kujerarsa a bakin ƙofa. Na yi bisimilla na buɗe.

Ga gida nan a saman bene a wani gari mai sanyi, ga tebur, ga keken ɗinki, ga mutane da rigunansu. Amma kowane mutum, daga wuya zuwa sama, baƙin dunƙule ne. Na juya shafi, haka. Na tsallaka tsakiya, haka. Wani ya bi littafin nan tun daga bango zuwa bango da baƙin alƙalami ya shafe kowane kai. Kyanwar gidan ba ta tsira ba. Har kifin da ke kan faranti, wanda an riga an dafa shi, an shafe masa fuska.

Abin ba baƙo ba ne a can. Malamai da yawa suna ganin hoton mai rai ba ya halatta sai an kawar da kansa, shi ya sa a littattafan yaran makaranta za ka ga an ja ɗan layi a wuyan kowace akuya. Sai dai wanda ya yi wannan aikin bai yarda da ɗan layi ba. Na ɗaga shafin a hasken taga ko zanen zai leƙo, sai na tarar tawadar ta ratsa takardar, baƙin gaba da na baya sun haɗu sun ƙara ƙarfi.

Hula a kai take. Ɗankwali a kai yake. Gemu ma, duk inda na san shi, a can yake fitowa. Na zauna awa biyu, abin da na rubuta layi ɗaya ne, cewa mutanen suna sa riguna masu maɓalli.

"Baba, wane ne ya yi wannan aikin?"

"Wani mai tsoron Allah."

Alƙalamin yana leƙowa daga aljihun ƙirjinsa, irin mai kaurin bakin nan da alhazai ke rubuta sunansu da shi a jikin jarkar zamzam. Na yi masa bayanin halin da nake ciki, da jayyid jiddan, da kwali, da wasiƙar da aka karanta a zaure. Ya saurara da tausayi sosai.

"Ka rubuta a kan takalma," in ji shi. "Takalman duk na bar su."

Ana gab da azahar ya taso zai karɓi littafin. Yana buɗe a wani shafi inda wata mace ke tsaye gaban kyandir biyu, hannayenta sun ɗaga sun shige cikin baƙin dunƙulen. Baba ya miƙo hannu yana kallon bango, ya ce, "Wannan ita ce tsohuwar mai kuka."

"Ka san ta ke nan?"

"Ni ban kalla ba." Ya tura alƙalamin cikin aljihu. "Amma mutum ba ya shafe abu ido a rufe, ya je ya ɓata rubutun mutane. Amana ce."

A hankali maganar ta fito. Watan Sha'aban guda ya kwashe a kan littafin, shekaru da suka wuce, kullum 'yan shafuka, kowace fuska sai ya dube ta da kyau don kada alƙalami ya zarce. Ba ya jin Ingilishi ko kalma ɗaya. Fuskokin duk suna kansa, maganganun kuwa bai san ko guda ba.

"Tun lokacin nake son in san me ya sa ta kuka," in ji shi. "Ta rufe ido da tafin hannu biyu. Duk bayan 'yan shafuka sai ta sake. Mijin ne, ko?"

Na karanta abin da ke rubuce na fassara masa. Ba kuka take yi ba. Al'adarsu ce, ranar Juma'a in rana ta kusa faɗuwa, uwar gida takan kunna kyandir don tarbar Asabar, ta rufe ido ta yi addu'a. A cikin balan-balan ɗin tana roƙon Allah ya ba gidan lafiya, ya kuma ba surukinta hankali ko kaɗan ne.

Baba ya zauna a kujerar da ke kusa da ni. "Sai me ya faru?"

Sai aka kira salla.

A ɗakin cin abinci na kai kukana ga abokin kwanana, wani mutumin Maraɗi ɗan kulliyar Hadisi, wanda ba a gaya masa an yi ruwa a gari sai ya tambayi wa ya gani. Ya saurare ni yana raba cinyar kaza da ƙashinta.

"Ustazu, ina matsalar?" in ji shi. "Kai ba ka gani ba, amma ka ji daga wanda ya gani. Duk ilminmu a kan me aka gina shi? Sanadinka ma, wato jerin waɗanda suka miƙo maka labarin, mutum ɗaya ne tak tsakaninka da asali. Mu irin wannan muke nema muna rasawa. Ku dai 'yan boko, sai abu ya shiga takarda kuke yarda da shi."

"Duktur ya ce da ido."

"Idon wa ya ce?"

"Nawa."

"To, ka ci abincinka tukuna."

Safiya ta biyu na tarar Baba ya riga ya buɗe ɗakin, ya jera kujeru biyu, ya zo da shayi a fulas, abin da shi da kansa yake hana kowa shiga da shi. Muka raba aiki. Ni in karanta magana, shi ya ba ni fuska. Nakan ɗora yatsa a kan dunƙule, shi kuma ya lumshe ido kamar mai tilawa.

"Wannan mijin tsohuwar ne, telan. A cikin gida 'yar ƙaramar hula yake sawa, kamar murfin kofi, a can ƙeya. In zai fita sai ya ɗora baƙar malfa a kanta, ba ya cire ta ƙasan. Gemu har ƙirji. Mugu ne."

"Ta yaya ka sani, Baba?"

"Girarsa. Shi na fi danna wa alƙalami."

Na karanta masa maganganun telan. Ashe shi ne mai barkwancin gidan. Ranar Asabar addininsu ya hana su kunna wuta, har ta lantarki, kuma bai kamata ya ce wa wani kai tsaye ya kunna masa ba. Sai ya tsaya a bakin ƙofa yana faɗa wa maƙwabcinsa, wanda ba Bayahude ba, irin duhun da ke ɗakin, da yadda likita ya ce duhu na cutar da tsofaffi, har maƙwabcin ya gaji ya shigo ya danna. Baba ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Daga baya ya mayar da su.

"Astagfirullah. Na zalunci mutumin."

Haka muka bi su. Tsohuwar ba ta taɓa bayyana ba ɗankwali ba, ko a gadon asibiti. 'Yarta kuwa gashi a buɗe take yawo, sai za ta hau benen uwar ta ciro ɗan mayafi daga jaka. Baba ya ce ya san irinsu a Ƙurban. Surukin da ake roƙa wa hankali yana ajiye hularsa a aljihu, ya sa a matakala, ya cire a matakala. Akwai idin da suke tunawa da fitowarsu daga Masar, inda ake share gida har ƙarƙashin gado don kada ɓurɓushin burodi mai yisti ya saura, a ci wata saiwa mai ɗaci. A nan Baba ya rantse kowa kuka yake yi na gaske, ya ga hawayen da idonsa. Rubutu ya nuna saiwar ce. Muka yi musu har ya ce Ingilishina na Kano ne.

Wani lokaci nakan gwada shi, in koma shafin da muka wuce jiya in sake tambaya. Bai taɓa sauya ko gashin baki ɗaya ba. Safiya ta uku muka kai bangon ƙarshe saura kaɗan a kira salla. Tsohon telan ya rasu a shafukan ƙarshe, aka rufe madubin gidan da mayafi, iyalin suka zauna a ƙasa kwana bakwai. Baba ya miƙe. Ya rufe littafin, wannan karon da hannu biyu ya mayar da shi.

Na rubuta bahasi mai shafi talatin da wani abu. Sai da na zo bayanan ƙasan shafi na gane ramin da ke gabana. Littafin na Duktur ne, ya ɗauko shi tun daga Turai. In na rubuta sunan wanda ya ba ni labarin fuskokin, na rubuta sunan wanda ya shafe su, dattijon da saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Sai na rubuta a ƙarƙashin kowace hula da kowane gemu: wani amintacce ya ba ni labari, shi kuma ya gani da idonsa.

Mutumin Maraɗi ya duba ya girgiza kai. "Ka kashe sanadin. Mai ruwayar da ba a ambaci sunansa ba, ko ka ce amintacce ne, a wurinmu ba a karɓa. Wa ya sani, ko kai kaɗai ka amince da shi."

"Ba kai ka ce in yi haka ba?"

"Na ce ka ruwaito. Ban ce ka ɓoye shehinka ba."

Ranar munaƙasha, wato ranar da malami ke zaunar da ɗalibi ya kare abin da ya rubuta, na shiga ofishin Duktur bayan azahar. Bahasina yana gabansa, jan biro ya yi masa ado kamar an yanka kaza a kai. Ya yi tari, ya nuna mini kujera.

"Na aike ka ka duba hotuna," in ji shi, "ka dawo mini da ruwaya. Sau arba'in da ɗaya na ƙirga amintaccen nan. Ka ga littafin kuwa?"

"Na gan shi, Duktur. Daga wuya zuwa ƙasa."

Na yi masa bayanin yadda na same shi. Ya ajiye biron.

"Duka?"

"Har kifin."

"Wane ne amintaccen?"

Na ce na fi son kada in faɗa. Ya ce ko na san hukuncin mai ruwayar da ba a san shi ba. Na ce abokin kwanana ɗan kulliyar Hadisi ne, ba a bar ni cikin jahilci ba. Ya ce to na kuma san sharaɗin da ya gindaya a aji. Na ce na sani. A lokacin har na fara tunanin wane kanti ne a bayan Harami yake ba da kwali mai ƙwari.

Duktur ya rufe bahasin ya ɗora hannu a kai. "Littafin nan na karanta shi a shekarun da nake can, a lokacin sanyi, ya fi sau goma. Tunda ba za ka faɗi mutumin ba, sai mu gwada haddarsa. Daren idin, lokacin da telan yake neman tabaransa yana zargin kowa a gidan. Ina tabarau ɗin?"

Rubutu bai faɗa ba, kuma ban sa wannan a bahasi ba, don ba sutura ba ce. Amma Baba ya tsaya a shafin ya yi ta dariya kafin in karanta kalma ɗaya, sannan ya gaya mini inda suke.

"A goshinsa, Duktur. Ya ture su sama, ya manta da su a can."

"Surukin yana da gemu?"

"A farkon littafin babu. Bayan rasuwar telan ya bar shi ya tsiro, amma gefen hagu ya ƙi fitowa."

Duktur ya yi dariyar da ta koma tari, ya sha ruwa. "Gefen hagu. Ni kaina na manta da wannan." Ya ja bahasin gabansa. "Mutumin naka haddarsa ba ta da aibi. Amanarsa a kan littattafan mutane kuma wata magana ce, ba ta wannan zaman ba. Ɗakin nan makulli ɗaya gare shi, ya ɗan'uwa. Ba sai ka wahalar da kanka ba."

Na ce ni dai ban faɗi kowa ba.

"Ba ka faɗa ba. Mumtaz, makin ƙoli, na wanda ya gani da idonsa ne, kai kuwa ba ka gani ba." Ya rubuta wani abu a bangon, ya juyo mini da shi. Jayyid jiddan, da ɗan ƙaramin rubutu, kamar ba ya son kowa ya ji. "In ka shiga majistir, ka zaɓi batun da ba shi da fuska."

Daga ofishin maktaba na wuce. Na sami Baba a kujerarsa, na gaya masa an bar ni in zarce, kuma ya kwantar da hankalinsa, sunansa bai fito ko sau ɗaya ba. Na nuna masa bayanan ƙasan shafin. Ya sa tabarau ya bi su da yatsa, shafi bayan shafi, fuskarsa tana ƙara tsukewa.

"Wani amintacce," in ji shi. "Wani. Sau nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"Safiya biyu ina ba ka ilmin da babu mai shi a Madina sai ni, da shayina. Sunan nawa ne ba shi da daɗin rubutawa?"

"Baba, don aikinka na yi."

"Aikina. Shekara talatin ina ɗauko wa mutane littattafan wasu, sau ɗaya aka zo a sa ni a ciki." Ya miƙo mini bahasin. "Za ku buga shi?"

Na ce ba a buga irin wannan, a kabad ake sawa.

"To, shi ke nan. Matsa daga ƙofa, ga wani nan da waraƙa."